Zane Bakwai a Mariƙin Bindiga

Har yau idan na ji ana yabon abu don yana sheƙi, sai raina ya ɓaci. Na san ɓarnar da sheƙi ya sa ni.

A shekarun da nake da rumfa a unguwar Hindawiyya, can ƙasar Larabawa, sana'ata gyaran kayan tagulla ce: tukwane, butocin gahawa, farantai. In dirje su da yashi, in shafa musu kuza, su fito fes. Ana kirana mu'allim, wato gwanin sana'a, kaina ya kumbura.

Wata safiya wani dattijo cikin Hausawanmu na Sudan, wanda ganinsa ya yi rauni, ya zo da ƙunshi a tsohon rawani. Ƙaramar bindiga ce, irin mai ɗura wa kanta harsashi bayan kowane harbi. Ban taɓa ganin irinta ba, ban kuma sake ba. A bayanta akwai ƙarfe mai gaɓa, idan an ja shi sai ya lanƙwashe sama kamar gwiwar raƙumi. Ta cikin mariƙi ake zura harsasanta, amma sun ƙare tun ba a haife ni ba. Mahaifinsa ya saye ta hannun wani Bature ɗan kasuwa a hanyarsu ta zuwa bakin teku, Baturen ya ce 'yan kaɗan aka ƙera aka daina.

"Ɗana, gwiwar ce ta cije. Mai kawai za ka ɗiga mata."

"Halas, an gama, Baba. Dawo jibi, ba za ka gane ta ba."

Ya yi dariya. "Ni dai ina so in gane ta."

Me ya hana ni tsayawa a mai? Girman kai. Baƙin jikinta na ɗauka hayaƙi ne irin na gindin tukunya, alhali rinin maƙeranta ne mai hana tsatsa. Na dirje shi. A katakon mariƙin akwai zane bakwai da aka yi da wuƙa, wasu dogaye, wasu gajeru. Na ce ƙazanta ce, na kankare har ya yi sumul. Mai shayin da ke gefena ya leƙo ya ce, "Mashallah ya mu'allim, ka mai da ta amarya!" Ni kuma, wawa, ina washe baki.

Da dattijon ya dawo bai ko taɓa gwiwar ba. Babban yatsansa ya bi mariƙin, ya sake bi.

"Ina mutanena?"

Ashe kowane zane mutum ne daga ayarinsu da mahaifinsa ya binne a hanya. Duk Juma'a yakan bi su da yatsa, tsawon kowane zane ya tuna masa mai shi, ya ambace shi cikin addu'a. Nan a tsaye ya fara kiran sunayen. Ya kira biyar, ya tsaya. Ya koma farko, ya sake tsayawa a biyar.

"Akwai ƙanana biyu daga ƙasa," ya ce. "Yara ne."

Na ɗauko wuƙa. "Baba, nuna min wurin in mayar."

"Ka mayar? Kai ka binne su?"

Ya naɗe ta a rawaninsa ya tafi, bai ƙara bi ta layinmu ba.

Mutumin ya gaya min abin da yake so da bakinsa, da Hausa, ba da wani yare ba. Tambaya ɗaya ta ishe ni, ban yi ta ba. Tun daga lokacin duk Juma'a ina yi wa yara biyu addu'a, ban san sunansu ba. Mai shayin nan kuwa har ya bar duniya yana cewa aikin ya yi kyau.