Murfin Baƙin Mai a Garejin Oga Modu

Ba na mantawa da safiyar Asabar ɗin da na tafi Nguru daga nan Gashua don in duba wa Malam Bukar mota. Ku da kuka buɗe garejinku kwanan nan ku buɗe kunne, domin duba motar da wani zai saya, da kuke gani kamar aikin shan shayi ne, wani lokacin ya fi sauke inji wuya.

Malam Bukar ma'aikacin ɗakin gwajin jini ne a asibiti. Ya daɗe yana aiki a Nguru, sai aka yi masa canji zuwa Gashua. Mahaifiyarsa na kwance a Nguru da shanyewar ɓarin jiki, ba ta tasuwa, shi kuma ba ya iya kwana nesa da ita, don haka kullum sai ya yi sammako ya zo, da yamma ya koma. Motar haya kuwa kun san halinta, ba ta tashi sai ta cika. Har an ba shi takardar gargaɗi kan makara. Sai ya sayar da fadamar shinkafar da ya gada wajen Dagona, ya ce zai sayi tsohuwar mota mai shan gas, wato dizal, tunda an gaya masa ba ta da ci a doguwar hanya. Wannan gaskiya ne, in dai injin lafiyayye ne.

Ranar Alhamis ya same ni a gareji, na ce masa sharaɗina ɗaya ne: kada a tayar da motar sai na iso. Injin gas da sanyin safiya yake faɗin gaskiyarsa. In ya tsufa, sai ya yi ta tari yana zubo farin hayaƙi kafin ya kama. In an riga an ɗumama shi kuwa, ko mushe ne zai tashi da bugu ɗaya.

Ranar Asabar ƙarfe bakwai muka haɗu a tashar Nguru, muka hau Keke Napep. Da na ga mun karya kwana ta bayan tashar jirgi, sai na gane hanyar. Garejin Oga Modu muka nufa. Shekara bakwai na yi a hannun mutumin nan. Shi ya yaye ni, ya ba ni akwatin sifana na farko, shi ya shige gaba ya karɓo mini aure. Ban taɓa jin ya kira ni da sunana kaɗai ba sai ya haɗa da "ɗana".

Ga wanda ba ɗan sana'a ba, bari in yi bayani. A wajenmu bakanike ba ya kushe motar ɗan'uwansa bakanike a gaban mai saye, ɓata ciniki ne, kuma abin kunya ne. Balle a ce ta ubangidanka ce. Muna da kalmar da muke fakewa da ita, mu ce "ba laifi", wanda ya gane ya gane. Malam Bukar kuwa ba zai gane ba, jini ya sani, bai san inji ba.

Na durƙusa na gaida Oga. Ya yi dariya ya dubi Malam Bukar.

"Ashe Habu ne bakaniken naka? To ai gida ya zo. Tashi ɗana, duba ta son ranka, motar ubanka ce."

Motar ta sha wanki, sai sheƙi take, har ruwa na ɗiga daga bonet. Na ɗora hannu na ji sanyi ƙalau. Da na buɗe, na kama tiyon lagireto na sama, sai na ji ɗumi, alamar an riga an tayar da ita. Malam Bukar yana gefena yana cewa, "Oga ya tabbatar mini tun jiya ba a taɓa ta ba." Na ce, "To." Na zaro sandar gwajin mai, na murza a yatsa. Man ya yi kauri kamar maɗi, irin wanda ake zuba wa tsohon inji don ya rufe masa asiri na 'yan kwanaki. Na ɗago kai, muka haɗa ido da Oga.

Bugu ɗaya ta tashi. Muka zaga da ita har bakin kasuwa muka dawo, Malam Bukar sai shafa kujera yake yana murmushi, yana lissafin ƙarfe nawa zai riƙa isa wurin aiki. Wallahi tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, don mutumin da ya riga ya ƙwallafa rai a kan mota ya fi kowa wuyar ceto.

Aka zauna a benci aka soma ciniki, motar na tsaye tana aiki a hankali. Oga ya faɗi kuɗi, Malam Bukar ya taya, Oga ya ce albarka, aka matso kusa. Kun san in mai kaya ya ce ya sallama, aka yi musafaha, magana ta ƙare, ba a dawo da mota don an ga aibi daga baya. Malam Bukar ya ciro wayarsa zai tura kuɗi, sai ya juyo.

"Malam Habu, kai nake jira. Me ka gani?"

Na tashi na hau duba tayoyi, na duba fitilu, har ƙarƙashi na leƙa, duk don in sami abin cewa. In na ja shi gefe na raɗa masa, na ci naman Oga a kan idonsa. In na yi shiru, fadamar mutum ta tafi a hayaƙi kafin wata uku.

Na ce, "Jiki ba laifi."

Ya ce, "Injin fa?"

Na juya wajen Oga na sunkuyar da kai.

"Oga, saura gwaji ɗaya, wanda ka hana mu tsallakewa ko motar wa ce. Ni hannuna ba zai iya ba a gabanka. Ka yi da kanka."

Murmushin ya ɗauke daga fuskarsa.

"Murfi kake nufi."

"Shi, Oga."

Gwajin mai sauƙi ne. Inji na aiki, sai ka kwance murfin baƙin mai ka ɗora shi a bakin ramin ba tare da ka ɗaure ba. In ringin fistan na da rai, murfin zai zauna, ko ya ɗan motsa kaɗan. In ringi ya cinye, iskar da ke kuɓucewa daga ciki za ta ture shi.

Oga yana da ikon ya ce in fita masa daga gareji, kuma da ya faɗa da na fita. Amma sai ya miƙe, ya naɗe hannun riga, ya kwance murfin ya ɗora. Murfin ya yi tsalle biyu ya faɗo cikin yashi, hayaƙi ya riƙa bulbulowa daga ramin kamar tukunyar dambu. Ya miƙa hannu ya kashe motar.

"Malam, mayar da wayarka aljihu. Ringinta ya tafi. Yawon cikin gari za ta yi, amma Gashua kullum, ba za ta ga ƙarshen damina ba."

Sannan ya dube ni. "Ka gama, Habu? To ka gaida gida." Na miƙa hannu biyu, ya riga ya juya.

A hanyar tasha Malam Bukar har mita yake, wai da na bari an rage masa kuɗi ya saya ya gyara a hankali. Na ce masa kuɗin sauke wannan injin sai ya sake sayar da wata gonar, kuma ba shi da ita. Bayan mako uku muka samo masa wata a nan Gashua, fenti duk ya koɗe, ƙofa ɗaya sai an ɗaga ta take rufuwa, amma murfinta ko gezau. Ita yake hawa har gobe.

Oga kuwa, aikin famfon gas da ya saba turo mini daga Nguru ya tsaya cak. Da Sallah na je gaisuwa gidansa, aka ce yana hutawa. In na bi ta garejin na durƙusa, yana amsawa, amma "lafiya" ɗaya ce, idonsa na kan wani abin daban. Abin yana cina a rai, ba zan ɓoye muku ba.

Abin da na koya shi ne, wanda ya ɗauko ka duba mota ba shi da ido sai naka, kuma "ba laifi" a bakin bakanike na iya cinye gadon mutum. Da za a dawo da safiyar nan, murfin zan sake cewa a kwance. Sai dai duk wanda ya ce muku gaskiya ba ta da tsada a wannan sana'a, bai taɓa faɗa wa ubangidansa ita ba. Shekara biyu ke nan, Habu kawai yake kira na.