Jiran Fitilu da Manu

Manu ya rasu. Da safen nan labarin ya same ni a zaure, ko koko ban sha ba.

Wayata ce ta yi ƙara, na ga sunansa, na ɗauka da tsiyar da muka saba: "Bafulatani, yau kuma me ka ɓata?" Sai na ji muryar da ba tasa ba. Ƙaninsa ne. Ya ce jiya da yamma mota ta kife da su a hanyar dawowa daga Hardawa, inda ya je gaida mahaifiyarsa.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Zan rubuta a hankali.

Ga wanda bai san shi ba, Injiniya Usman ke nan, mai kula da intanet a wata babbar makaranta a nan Azare. Ni ban taɓa ce masa Injiniya ba. Manu nake kiransa tun da ya kama haya a gidan da ke jikin nawa. Shi kuma Baba yake ce mini, in tsokana ta motsa ya ce Baba Babarbare.

Ni tsohon ma'aikacin waya ne, na zamanin da ake jan waya a kan turaku, mutum ya ɗaga tarho ya ce a haɗa shi da Kano. Sana'ar ta mutu ta bar ni. Hajiya ma Allah ya yi mata rasuwa, 'ya'ya suna Kaduna da Legas da hidimominsu. Sa'o'ina yawanci sun riga ni. Ƙafa ta ƙi, masallacin ƙofar gida ma sai da sanda.

Manu ne ke yin sallama a zauren nan.

In ya je gida ya dawo, ga kindirmo a ƙwarya, ya ce, "Sha, Baba, na san Barebari ba su taɓa ganin na gaske ba." Shi ya ƙara mini girman rubutun wayar nan da idona ya fara gajiya. Shafin nan da kuke karantawa ma shi ya buɗe mini, wai in daina hira da bango.

Wata rana ya ɗauke ni a mota ya kai ni wurin aikinsa, wani ɗaki mai sanyi kamar cikin randa. Ya nuna mini wani akwatin ƙarfe, jikinsa duk kebul, ƙananan fitilu koraye suna ta ƙiftawa. Ya ce wannan ce babbar suwic, duk kwamfutar da ke makarantar ta cikinta take bi. Na ce ashe ɗakin haɗa waya ne irin namu, mutanen kawai aka kora. Ya yi dariya har da dafa bango.

Akwai manhajar da ke tafiyar da suwic ɗin daga ciki, famwe suke ce mata. Lokaci lokaci waɗanda suka ƙera ta sukan fito da sabuwa. In an ɗora, dole a kashe na'urar a sake kunnawa. Fitilun duk su mutu, makaranta gaba ɗaya ta yanke. Daga nan ba abin da mutum zai iya sai jira, ko ta tashi ko ta ƙi.

Wannan jiran ne Manu ba ya iya yi shi kaɗai.

Ranar Asabar da hantsi yake aikin, lokacin da ba kowa a ofis. Da ya danna, sai wayata ta yi ƙara.

"Baba, na kashe ta. Taya ni jira."

"Matsoraci. Kai da ka yi kiwo a daji, akwati ke tsorata ka?"

"Saniya in ta kwanta ina ganin numfashinta, Baba. Wannan ba na ganin komai."

Sai in kama ba shi labarin yadda muke hawa turaku a hanyar Shira da damina, ko wani shirme dai. Na san rabin hankalinsa ba ya wurina. Can sai in ji ya ce, "Ɗaya ta kawo. Ga ta biyu. Baba, sun kawo duka!" In ce alhamdu lillahi, kamar an yi mini haihuwa.

Ban iya aikinsa ba, ban kuma taɓa cewa na iya ba. Amma a ranakun nan akwai mai bukatata.

Shekaranjiya Laraba bayan la'asar muka yi ganin ƙarshe. Ya zauna a bakin tabarmar nan da kwamfutarsa a cinya, ya ce Asabar mai zuwa akwai aiki, kuma famwe biyu ne a gabansa. Ɗaya sabuwa fil, ba ta daɗe da fitowa ba. Ɗayar ta ɗan kwana biyu, an yi amfani da ita a wurare da yawa ba a ji kuka ba, kuma ta toshe wata ɓaraka da ke damunsa a suwic ɗin.

Na ce, "To wacce ka ɗauka?"

Ya ce, "Wadda ta kwana biyu. Sabuwa fil, bari wasu su fara gwada ta."

Ya ce ya riga ya kwafe saitin suwic ɗin ya adana a filash, kuma ba zai goge tsohuwar famwe da ke kai yanzu ba, zai bar ta a ciki, in wadda ya ɗora ta ƙi ya koma mata.

Na ce, "Ka ji Bafulatani. Ba ya rabuwa da tsohuwar saniya."

Ya ce, "Shi ya sa ban rabu da kai ba, Baba."

Na ɗaga masa sanda, ya kauce yana dariya. A bakin ƙofa ya waiwayo ya ce, "Asabar fa ka sa caji. Kada ka bar ni ni kaɗai."

Yau Juma'a. A Hardawa za a yi masa sutura, ƙafar nan kuma ba za ta kai ni ba.

Abokan aikinsa, ban san ku ba, amma wataƙila rubutun nan ya iske ku. Na san ba gobe za ku yi aikin ba. Duk ranar da kuka tashi yi, kun ji abin da ya zaɓa, sauran ku kuka fi ni sani. Roƙona ɗaya ne. Wanda zai danna a cikinku, in fitilun sun mutu, ya kira ni. Lambata tana wayarsa, Baba Babarbare ya rubuta. Ba zan dame ku da surutu ba. In kun fi so in yi shiru, zan yi shiru, mu dai jira tare har su kawo.

Ya Allah, ka jiƙan Manu, ka gafarta masa, ka haskaka kabarinsa. Bai bar ni cikin kaɗaici ba, kada ka bar shi cikin kaɗaici. Ka ba mahaifiyarsa da iyalinsa haƙuri, ka raya abin da ya bari.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi masa addu'a, ko da Ƙulhuwallahu ce.

Wayar dai na sa ta a caji, kamar yadda ya ce.