Mai Kiran 'Makhauta

Na fara jin sunan 'Makhauta ne a motar haya, muna dawowa daga garin Mokhotlong, a bakin wasu mata biyu da suka ajiye buhun gari a tsakaninsu.

"Ita ce fa wadda mijinta ke kira."

"Wane miji kuma? Ba an binne shi ba?"

"To, shi ɗin dai."

Da na isa gida na ba mahaifiyata labari ina dariya, ita kuwa ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce, "Moliehi, Rakhalinki ce, ƙanwar babanki." Mu a gida Likeleli muke ce mata. 'Makhauta sunan da dangin miji suka raɗa mata ne, ban taɓa jin sa ba. Ba a yi mako ba aka tura ni ƙauyensu in zauna da ita, tunda na gama sakandare ba na komai.

Shekarunta hamsin da huɗu a lokacin. Mijinta Sekoala, da muke ce wa Ntate, wato Baba, ya yi shekara ashirin da shida a ramin zinariya can ƙetaren iyaka, ya dawo da tari, tarin kuma ya tafi da shi. Ita kuwa al'ada ta ɗauke mata shekara uku kafin nan, tun daga lokacin ƙiba ta taru mata a ciki. Aka sa mata baƙaƙen kaya, aka zaunar da ita kan katifa a ƙasa. Shekara guda ba gona, ba ɗiban ruwa, ba ratsa garke, ba shiga gidan kowa. Maƙwabta sai kawo mata papa, tuwonmu na masara, da nama mai kitse suke yi. "Ci, 'M'e, uwarmu, kada baƙin ciki ya ramar da ke."

A wata na biyu jiri ya kayar da ita. Nas ta auna ta sau biyu, ta ce jini ya hau, suga ma ya hau. Ta ce idan al'ada ta tsaya, zuciyar mace tana rasa wata kariya da take da ita a da. Ga ƙwayoyi, amma sai ta haɗa da tafiya kullum, har ta ji numfashinta ya ɗaga. Rakhali ba ta yi musu ba. Yayarta Puleng a kan irin wannan katifar ta mutu, wata bakwai da fara nata takaba, ɓarin jiki ya shanye.

Wan mijin, Ntate Mohapi, ya ce sam. "Mai takaba da yawon dutse? Nas ce ta kawo shanun aurenki?"

Kwana uku bayan haka ta sa aka kira shi, ta ce ta yi mafarki. Sekoala ya ce kowace safiya ta hau tudu ta gaishe shi a kabarinsa. Ntate Mohapi ya cire hularsa, ya amince. A wajenmu ba a jayayya da matattu.

Ranar da na fara raka ta, hazo ya sauko har kan rufin ɗakuna, mai jiƙa bargo. Hawan ya kusa awa guda. Ta tsaya sau biyar tana haki, a na biyar ɗin ta fashe da dariya.

"Ke ma kin yarda, ko? Ke da kika yi boko! Sekoala ko yana raye bai taɓa kirana ba sai zai tambayi takalminsa."

Na ji sanyi a raina. Muka yi ta hawa kullum. Tsayawa biyar ta koma uku, ta koma ɗaya. Siket ɗinta ya yi mata yawa, ni na rage mata ƙugun. Nas ta duba katinta ta ce, "Ko wane ne yake kiranki, ya ci gaba."

A wata na biyar na ji tarin. Daga bayanmu yake, busasshe, biyu a jere, sai ɗaya. Na juya, ban ga komai ba sai hazo da duwatsu.

Na ce, "Tumaki ne."

"Tumaki na tari, haka ne," ta ce, ba ta waiwaya ba. "Tsaya ki ji."

Muka tsaya cak. Can ƙasa kaɗan, tsakuwa ta yi ƙara sau ɗaya, sannan shiru.

"Wata uku na yi ina ƙarya," ta ce. "Yanzu kam ban sani ba. Mu tafi."

Takaba ta ƙare, aka cire mata baƙaƙen kaya, ba ta daina hawa ba. Shekara tara ke nan. Sa'o'inta uku an binne su, ita kuwa har yanzu tana nome dawarta da hannunta.

Bara da hunturu ta zame a kan ƙanƙara, gwiwa ta kumbura, na zo jinya. Safiya ta farko ba mu ji komai ba. Ta biyu na ji tarin can wajen rafi. Ta uku ina hura wuta, rana ta riga ta fito, na ji shi a bayan katangar garke, taku goma daga ƙofa. Kare ya shige ƙarƙashin benci ya ƙi fitowa.

Rakhali ta yunƙura za ta tashi, gwiwar ta ƙi. Ta kama hannuna.

"In ban hau ba, shi yake saukowa," ta ce. "Moliehi, ɗauki bargona ki hau min. Kada ki ce masa ba ni da lafiya, kada ki ce ina kwance. Ki tsaya a kabarin ta wajen kansa ki ce, 'Ta ce gobe.' Shi ke nan. Kuma ki yi sauri a hawan, ya ji numfashi."