Duka Uku, Ɗaya na Halal

Gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni: wawan labarin nan ni ne. Akwai akuya a ciki, amma ita ta san abin da take yi.

Ni Bahaushe ne ɗan Katolika, daga ƙauyukan kudancin Katsina. Na yi makarantar mishan har aji huɗu, na tsaya a nan don in bar wa na baya benci. Aikin masinja ya kawo ni Daura, a nan na yi ritaya, na gina ɗaki uku a bakin gari, inda gidaje suke ƙarewa gonaki su fara. Maƙwabtana duk Musulmi ne. Da Sallah su aiko mana da nama, da Kirsimeti matata ta aika musu da shinkafa, kazar ma sai mun kai wa maƙwabci ya yanka don kowa ya ci ba shakka. Haka muka zauna shekara talatin, ban taɓa ɗaga wa kowa hannu ba, sai dai baki.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a kowa a unguwarmu ya zama alƙali. Mai shayi yana ba da fatawa, mai facin keke yana gyara masa. Mun ji a rediyo an yanke hannun wani a wata jiha saboda saniya, tun daga ranar ko kaza ta ɓace sai ka ji ana lissafin hannuwa. Mu Kirista an ce abin bai shafe mu ba, sai wanda ya kai kansa. Na ce to madalla, ni dai ba zan kai kaina ba.

Wata Lahadi, gero ya nuna ana shirin girbi, wake yana fure, na dawo daga coci na sha fura, na zagaya bayan gida in duba akuyata a turke. Babu akuya, sai guntun igiya. Na ɗaga kai, can a kan hanyar gona na hango wani mutum yana jan ta da kunne tana turjewa, da lauje a hannunsa na dama. Ban san shi ba.

Na sunkuci gorar da muke tokare ƙofa da ita. Rabona da gudu tun ina kai takarda ofis-ofis, amma ranar na yi, ina ihu: "Ɓarawo! Jama'a, ɓarawo!"

Mutumin ya juyo, ya ga ni, ya ɗaga laujen sama. Na ji yana faɗin wani abu mai kama da wake, amma wanda aka ɗaga wa lauje ba ya tsayawa jin zancen wake. Na kai masa gora a hannun, na ji ƙas, lauje ya faɗi, shi ma ya durƙushe. Na ƙara masa ɗaya a gadon baya. Na uku kuwa, har yau ban san wa ya aike ni ba. Hannu ne kawai ya ga hanya a buɗe.

Matasan da ke zaune a majalisar mai shayi suka iso da gudu. Mutumin yana riƙe da hannunsa yana cewa, "Wakena ta shiga, gidan mai unguwa zan kai ta."

Wani ya ce, "Ai kowane ɓarawo gidan mai unguwa yake kai kaya." Aka kwashe da dariya, har da ni.

Wani kuma ya ce, "Shi ke nan, hannu ya tafi. Dama na daman ne ake cirewa, Baba ya rage wa likita aiki."

Muka ɗunguma gidan mai unguwa, aka ce ya tafi kasuwar Mai'adua, sai gobe. Yayan mutumin ya zo a keke, ya tsaya masa, ya ce zai kawo shi da safe, ya ɗauke shi zuwa wurin maɗori. Aka ɗaure akuyar a ƙofar mai unguwa a matsayin shaida. Ni kuma na koma gida ana ta cewa "Sannu Baba, ashe da sauranka," ina amsawa da kai kawai kamar wanda ya saba.

Matata ba ta ce sannu ba. Tana tankaɗe ta ce, "Malam, ka san shi?"

"Ina ni ina sanin ɓarawo?"

"Da safe ka durƙusa a coci, da rana ka karya hannun mutum. To ka ji, in aka yanke hannun ɗan mutane a kan akuyar nan, ba za ta sake kwana gidan nan ba. Kai ma sai na yi shawara."

Na shiga ɗaki na zauna. Shekara arba'in ina jin wa'azin juya ɗaya kuncin ga wanda ya mare ka, ina gyaɗa kai. Amma duk wa'azin nan mari ake faɗa, ba a taɓa kawo zancen lauje ba. In na juya wa lauje kunci, wane kuncin zai rage in sake juyawa? Sannan ga hannun mutumin. In aka yanke shi gobe, a wuyan wa? Na alƙali, ko na akuya, ko na tsohon da ya yi ihu? Na juya abin ta gaba, na juya ta baya, ko'ina sai in tarar da kaina a tsaye da gora. Da la'asar na hau keke na koma coci.

Fadanmu na lokacin, wato limamin cocinmu, matashi ne daga wajen Jos, ɗana na biyu ma ya girme shi, amma Fada nake ce masa shi kuma ya ce mini Baba, kowa ya riƙe girmansa. Na same shi a gindin darbejiya yana cin gasasshiyar masara. Na zayyana masa komai, na ƙara wa laujen tsawo kaɗan.

Ya ce, "Baba, ranka amana ce a hannunka. Wanda ya zo zai cutar da kai, ka tare shi, ba ka yi zunubi ba. Wani lokaci ma dole ne, in akwai waɗanda suka dogara da kai."

Na ce, "Allah ya saka, Fada," na miƙe zan hau keke.

"Zauna tukuna. Sau nawa ka buge shi?"

"Fada, a irin wannan hali wa yake ƙirge?"

"Kai. Na ga bakinka yana motsi."

Na ce uku.

"Laujen yana ina a na biyu?"

"A ƙasa."

"A na uku fa?"

"Yana nan dai a ƙasa, bai tashi ba."

Ya ajiye masarar. Ya ce abin da aka yarje wa mutum shi ne ya tsayar da cutar da ta taho masa, da gwargwadon abin da zai tsayar da ita, niyyarsa ya tsira da ransa. Da lauje ya faɗi, an gama kare kai. Abin da ya biyo baya hukunci ne, kuma bai ji ranar da aka naɗa ni alƙali ba. Ya ce in zo ranar Asabar in furta zunubin bugu biyun nan.

Na ce, "To hannunsa fa? In an yanke?"

Ya ce shi bai karanci dokarsu ba, ba zai yi mini ƙarya ba. Amma a wurinmu adalci shi ne a ba kowa haƙƙinsa, a gyara abin da aka ɓata, ba a huce haushi ba. Gobe in faɗi gaskiya dukanta har da inda ba ta yi mini daɗi, in saurari mutumin, in roƙa masa sassauci in da hali.

Magana huɗu ko biyar ya ba ni. Kafin in kai gida biyu suka rage a aljihuna: dukan farko halal ne, kuma ni ne mai yin afuwa. Sauran sun zube a hanya, keken nawa yana da girgiza.

Sai na ga ai dama ce ta samu. Gobe gaban mai unguwa da liman da jama'a, tsoho ɗan Katolika zai tashi ya ceci hannun ɓarawonsa. Na shiga ɗaki ina gwada jawabin, ina sauya inda zan tsaya in yi shiru don maganar ta shiga. Matata ta leƙo ta ce, "Da wa kake faɗa kuma?" Na ce mata wannan harkar maza ce.

Litinin da hantsi na sa babbar rigata ta Kirsimeti. Zauren mai unguwa ya cika har ƙofa. Mai unguwa yana kan buzu, liman a gefensa. Mutumin yana zaune a ƙasa kusa da yayansa, hannun a ɗaure da kara da tsumma, ya rataye shi a wuya. Da na dube shi da kyau na ga ashe magidanci ne mai furfura a gemu, bai yi kama da abin da na bi da gudu jiya ba. A waje akuyata tana cin zanan mai unguwa.

Ban jira an ba ni dama ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, Allah gafarta Malam, jama'a. Mu a addininmu an hore mu da yafiya. Bawan Allahn nan ya ɗauki akuyata, ya ɗaga mini makami. Duk da haka na yafe masa duniya da lahira. Ina roƙo kada a taɓa hannunsa." Na yi shirun da na gwada jiya.

Shirun ya yi tsawo fiye da yadda na tsara.

Liman ya gyara zama ya ce, "Baba, wa ya ce maka za a taɓa hannun wani? Mai shayi?" Ya ce ko da sata ce ta tabbata, abin yana da sharuɗɗa masu yawa, sai an ɗauke kaya daga ma'ajinsa, sai shaidu, sai gaban alƙali, ba a zaure ba. Akuyar da ke yawo a gonar mutane kuwa ba ta cikin ma'ajin kowa.

Na ce, "A turke take, Allah gafarta Malam."

Mai unguwa ya ɗaga guntun igiya. Ya ce tun da sassafe ya aiki dattawa biyu. Sun duba turkena, sun ga igiyar tauna ta aka yi, ba yanka ba. Sun bi sawu har gonar da mutumin nan ya karɓa aro bana a bayan gidana, sun tarar da kunyoyi shida na wake an aske su tas, ga kashin akuya ko'ina.

"Baba, da faɗuwar damina wa ya sa aka yi shela kowa ya ɗaure dabbarsa, wadda aka kama a gona a kawo ta nan?"

"Kai ne, ranka ya daɗe."

"Bara wa ya jawo tunkiyar maƙwabcinsa da kunne tun daga gonar gyaɗarsa har zauren nan, yana cewa a bi doka?"

Na duba ko akwai wani da zai amsa. Babu. Na ce, "Ni ne, ranka ya daɗe."

"An bi ka da gora?"

Aka yi dariya a bakin ƙofa, muryoyin jiya ne, na gane su.

Ni dai kaina ya ɗaure. Na fito gida da afuwa niƙi-niƙi, na rasa wanda zan ba. Hannun da na zo ceta daga wuƙa babu mai niyyar taɓa shi a duk ƙasar Daura, in ban da ni, kuma na riga na taɓa. Na tsaya da babbar riga ina neman inda zan sa hannuwana.

Mai unguwa ya tambayi mutumin abin da yake so. Yayansa ya ce a tafi kotu, ko ta alƙali ko ta majistare, wadda Baba ya ga ta fi masa. Mutumin ya girgiza kai. A hankali yake magana. Ya ce shi ba ya son kotu. Abu biyu ne ke damunsa. An kira shi ɓarawo gaban jama'a, yana da 'ya'ya mata da za a zo nema. Sannan geronsa ya nuna, maɗori ya ce hannun nan ba zai riƙe komai ba sai bayan kwana arba'in, tsuntsu kuwa ba zai jira shi ba.

Mai unguwa ya yanke: bakin da ya yi ihu shi zai fita ya warware, geron kuma ni da mutanen gidana za mu girbe shi mu kai masa har rumbu.

Na fita bakin ƙofa na faɗa da ƙarfi cewa mutumin nan ba ɓarawo ba ne, ni na yi kuskure. Wannan bai yi mini wuya ba, murya ina da ita. Da na dawo na zauna, na tuna faɗin gonar, na tuna bayana, sai aji huɗun nan ya motsa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai 'yar magana ta ilimi. Na tambayi Fadanmu jiya. Ya ce wanda aka taso masa da makami, ya kare kansa, ba shi da laifi. Duka uku na yi. Na biyu da na uku na karɓa, laifina ne, amma a baya suka sauka, ba su karya komai ba. Wanda ya karya hannun shi ne na farko, shi kuma na halal ne, don lauje yana sama. To in hannun ne dalilin girbi, ina ganin a duba."

Liman ya dubi mai unguwa. Mai unguwa ya sosa gemu. Na ga alamar na sa manya tunani, har na fara gyara wuyan riga.

Mutumin ya ɗago kai ya dube ni. Ya ce, "Baba, ni ne fa na juyo na ga ƙato ya taso mini da gora, ga lauje a hannuna. Da na bi karatun Fadan naku jiya, da yanzu zaman makokinka ake yi."