Baƙuwa Mai Burushin Fenti

Maigadin coci yana zaune a benci, yana kallon baƙuwar da ta tsallako teku don aikin bishara na 'yan kwanaki. Hularta mai faɗi kamar lema, hancinta ya yi jawur saboda rana. Da yatsu biyu take riƙe da burushin fenti, sai ka ce mataccen ɓera aka ba ta. Tana shafa bango sau ɗaya, sai ta ɗiga wa kumatunta fenti da gangan, ta washe baki har ƙawarta ta gama ɗaukar hoto.

Zai iya rantsewa a gidansu ko kofin shayinta ba ta wankewa.

"Baba, bangon nan ya ji jiki," in ji ta, ta bakin tafinta. "Ubangiji ne ya turo mu."

"Sannunku da ƙoƙari, 'yata."

Bai gaya mata ayarin baƙin da suka zo watan jiya ma bangon nan suka shafe ba. Fenti kan fenti, har ƙofa ta daina rufuwa. Kwanon rufi ne ke yoyo yana ɓata bangon, yana jiƙa masu sujada. Amma kwano ba ya fitowa a hoto.