Neman hoton Inna a Colire

Muna idar da sallar asuba muka kama hanya daga Garwa, ni da wani abokina dillalin shanu da ya ce shi ma yana da harka a Colire. A jakata akwai tsohuwar kwamfuta da wayoyi kala-kala da sukundireba. Sana'ata ke nan, gyaran kwamfuta a bakin kasuwa. Amma wannan tafiyar ba ta neman abinci ba ce.

Innarmu a Makka ta rasu, can aka binne ta. Ina ɗan yaro a lokacin, ƙanwata kuwa ba a daɗe da yaye ta ba. Sau ɗaya tak aka taɓa ɗaukar Inna hoto, na fasfon hajji, shi ma ta tafi da shi bai dawo ba. Ƙanwata ta girma, ta yi aure, ta haihu, ba ta san fuskar uwarta ba. Kwanakin baya na ji labarin cewa tsohon mai hoton unguwarmu, kafin ya rufe shago ya koma garinsu Colire, ya zuba tsofaffin hotunansa a kwamfuta, ya adana su a kan wasu ƙananan kaset. Shi ya riga mu gidan gaskiya, amma kayan suna hannun ɗansa. Da na gaya wa ƙanwata, cewa kawai ta yi, "Yaya, ka kawo mini ita."

Mun haye gadar Binuwai gari bai gama wayewa ba. A Ngong muka tsaya karin kumallo, kunun gyaɗa da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance, kuɗinsa ya ƙaru, abokina ya yi ta mita, amma bai fasa cinye nasa ya haɗa da rabin nawa ba. Daga nan sai ramuka da shingayen jandarmomi. Kowane shinge sai an buɗe jakata, a ga wayoyi a cukurkuɗe, a dube ni sama da ƙasa. A mararrabar Gijiba muka sauka daga kwalta muka hau jar ƙasa. Gonakin auduga sun yi fari fat, birai zaune a bakin hanya suna kallonmu kamar su ma takardu za su tambaya. Kafin mu isa, farar rigata ta koma ja.

Ɗan marigayin ya tarbe mu hannu bibbiyu. Tsohuwarsa ta fito muka gaisa da Fulatanci, ta sa aka kawo mana tuwon masara da miyar tafasa. Sannan aka jawo kwalin kayan marigayin daga ƙarƙashin gado. Na'urar karanta kaset ɗin ba ta fi bulo girma ba, ƙura ta yi mata riga. Na goge ta, na jona wuta, koriyar fitilarta ta kama. Murna ta kama ni.

Murnar ba ta je ko'ina ba. Kwamfuta ta ƙi ganin na'urar sam. Na duba jerin abin da ke jone da ita, babu. Na sake waya, babu. Na cire katin da ke haɗa su, na goge haƙoransa, na mayar, nan ma shiru. Na juya ɗan makunnin lambar da ke bayanta ko ta ci karo da lambar wani abu. Ana cikin haka aka ɗauke wuta. "Kuran ke nan, Malam," in ji ɗan marigayin, yana nufin wutar lantarki, "sai ya ga dama." Muka zauna a inuwar mangwaro muna shan shayi, ni dai ban san ɗanɗanonsa ba.

Washegari da hantsi wuta ta dawo. Ina juya na'urar sai na lura ƙofa biyu ce a bayanta, ɗaya ta waya, ɗayar a buɗe. Irin waɗannan tsofaffin na'urori sai an toshe ta biyun da wani ɗan marfi na ƙarfe kafin kwamfuta ta gan su. Na kwatanta wa tsohuwa, ta shiga ɗaki ta fito da gwangwanin da take tara tarkacen mijinta, ga shi nan kwance cikin maɓallai da tsofaffin makullai. Na toshe, na fara kunna na'urar, sannan kwamfuta. Sunanta ya fito a allo. Na sa kaset, ta ja shi da wani gurnani, hotuna suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya.

Na buɗe na maniyyata. Mata ne, ɗaruruwa, hotuna marasa launi. Kowacce da farin mayafi iri ɗaya mai ɗan ado a baki, kowacce a gaban labule ɗaya, kowacce ta ɗaure fuska. Babu suna ko ɗaya, sai lamba. Tsohuwa ta leƙo ta yi murmushi. "Ai mayafina ne wannan, ɗana," ta ce. "Shi marigayi yake ara wa duk wadda ta zo hoton hajji. Sunayen kuwa a kansa suke, bai taɓa rubutawa ba."

Na bi su ɗaya-ɗaya har la'asar. Duk rayuwata na ɗauka ina riƙe da fuskar Inna. Ina tuna ƙamshin man shanun da take shafa mini, ina tuna zanenta mai ruwan bula, ina tuna yadda take kiran sunana daga madafa. Fuskar ce babu. Na koma farko na sake bi, na ware uku da zuciyata ta ɗan tsaya a kansu, amma ba zan iya rantsuwa a kan ko ɗaya ba. Baba ya daɗe da rasuwa. 'Yar'uwar Inna ɗaya da ta rage a duniya, idonta ya tafi. Na kifa kai a kan tebur na yi kuka a gidan mutane, ban ji kunya ba.

A hanyar dawowa muka sake tsayawa a Ngong. Abokina ya saya mini gasasshiyar masara, ya tura mini ba tare da ya dube ni ba. Abin da tafiyar nan ta koya mini kaɗan ne, kuma da ɗaci: na'ura in ta daɗe a ajiye ana iya tayar da ita, amma abin da mutum ya ajiye a kansa tare da shi yake tafiya. In kuna da tsoho a gida, ku zauna da shi ku tambaye shi waye wannan, wacece waccan.

Da muka shiga Garwa ban biya gida ba, gidan ƙanwata na wuce. Na buɗe mata hotunan uku a waya. Ta daɗe tana kallo, tana matso da kowacce fuska da yatsa.

"Wacce ce, Yaya?"

Na ce, "Wallahi ban sani ba."

Ta share ido da gefen gyalenta. "To a wanke mini duka ukun," ta ce. "Zan riƙa yi musu addu'a tare."