Ɓerayen Shagon Abokina

Shekarun baya ruwa ya cinye mini shinkafa. Duka. Kogi ya ɓalle ta bayan garinmu, can wajen Guri, ya kwanta a kan gonar har ta ruɓe. Da ya janye, noman rani kaɗai ya rage. Ni kuwa na sayar da injin ban-ruwana na zuba kuɗin a shinkafar. In rani ya wuce ban shuka komai ba, sai in jinginar da gonar da mahaifina ya bar mini.

Ni ba na karɓar sadaka. Kowa ya san ni da wannan. Abokina da muka taso muna su tare, wanda yanzu yake da shagon injuna da taki a Haɗejiya, ya aiko mini da buhun gero. Na ɗaura a babur na mayar masa. Na ce, "Ban mutu ba tukuna."

Ya ce, "Wannan kai naka, da shi ya kamata a riƙa fasa dutse."

Ba a daɗe ba sai ga shi da inji da tiyo a bayan mota, fuska a murtuke.

"Taimako na zo nema. Ɓeraye sun dame ni a shago, suna cinye tiyo. Ajiye mini wannan."

Na ce ya sa a zaure.

"Wane zaure? Inji in ba ya aiki tsatsa yake yi. Kullum ka tayar da shi ya ja ruwa. Ka bari ya lalace, ni da kai ne."

Na karɓa ina hura hanci, wai ni ne mai taimako. To ruwan da ya ja, ina zan kai shi? Sai gonata.

Sai mai fetur ɗin da ke maƙwabtaka da shagonsa ya ce jarkarsa tana yoyo, gara in ƙona man kafin ya tsiyaye. Mai dashen tattasai ya ce ya yi masa yawa, in rage masa wahalar zubarwa. Da aka tsinke tattasan, dillalin kayan gwari ya ce motarsa ba ta cika ba, rawa take a hanya, in ɗora buhunana ta yi nauyi. Na ce wa matata 'yan kasuwar Haɗejiya ba su san tattali ba. Ta dube ni, ta ci gaba da tankaɗe.

Tattasai ya yi. Gona ta zauna a hannuna.

Na wanke injin na kai shago. Ga tiyo nan jibge a ƙasa, ko cizo ɗaya babu. Wata ƙatuwar kyanwa tana barci a kai.

"Ina ɓerayen?"

"Sun tafi ci-rani," in ji shi.

Mai fetur ya leƙo, ya kasa riƙe dariya. A nan na gane.

"Baki kuka haɗa."

"Mu? Kai ka taimake mu, Sarkin Taurin Kai."

Godiya ba ta zauna a bakina ba. "Maƙaryata," kawai na ce. Ya matsa mini a benci, ya ɓara goro ya miƙo. Wannan kam na karɓa.

Bayarwa ba wuya. Na ga masu bayarwa suna ɗaukar hoto. Amma ka ciyar da mutum ka bar masa hularsa a ka, a wurin mutanen nan na fara gani.

Yanzu ina da injin kaina, har haya nake bayarwa. Bara ruwa ya ci gonar wani maƙwabcina, mai wuyar hali irina. Na ɗora inji a babur, na murtuke fuska, na yi masa sallama.

Na ce ɓeraye sun dame ni.